Layin da Ya Ƙara a Katin Zirkon

Yana cikin zaro tukunyar daga wuta da doguwar awartaki wayarsa ta hau ruri a aljihu. Bai kula ta ba sai da ya dire tukunyar kan bulo, don dutsen zirkon ba ya son gaggawa. Shekara tara ke nan yana wannan aiki a bayan shagon kayan ado, har abokan aiki suka manta sunansa, kowa sai dai Tanderu. Ana kawo masa duwatsun da launin ƙasa, marasa fasali kamar tsakuwar bakin titi, ya binne su cikin gawayi, ya rufe, ya ba su wuta, su fito shuɗɗa tas.

Ƙanwarsa ce a waya. Mama ta yanke jiki ta faɗi wajen shanya, suna asibiti.

Motar hayar da ya shiga ta maƙale a cunkoso, ba gaba ba baya, gwiwarsa na tokare da kujerar gaba. Ya isa gumi sharkaf. A baranda ƙanwar ta tare shi da kwalin maganin hawan jinin Mama, wanda ta tsinta a bayan madubi. Ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba, ga shi an kusa cinye wata da sayensa. Sai ta miƙa masa wani ɗan kati mai ruwan zinari da ta gani tare da shi.

Ya karɓa ya duba. Katin shagonsu ne, kuma shi ya tsara shi.

Bara Maigida, mai shagon, ya ce masu saye ba dutse suke nema ba, labari suke nema, tunda kuwa Tanderu ne mai karance-karance, ya rubuta musu wani abu. Ya rubuta cewa zirkon na cikin duwatsu mafi tsufa a doron ƙasa, gaskiya ne. Ya rubuta cewa yana da nauyi, walƙiyarsa kuma ta kusa ta lu'ulu'u, wannan ma gaskiya ne. Ya rubuta cewa mutanen da sun ce yana kawo barci, yana korar mugun abu. Maigida ya karanta ya yatsina fuska, ya ce abin ba gishiri. Shi ne Tanderu ya ƙara layi na huɗu: “Yana saukar da hawan jini.” Ko ɗan “an ce” bai sa masa ba. Ranar har kafaɗarsa Maigida ya dafa.

Ƙa'idar shagon ita ce akwatin zobe ba ya fita sai da kati. Da ya zo naɗe zoben da ya saya wa Mama, hannunsa ne kawai ya yi abin da ya saba.

Ya tarar da ita a jingine da filo, bakinta ya ɗan karkace, amma idon nan nata na nan da kaifinsa. Nas na tsaye da ƙwaya biyu a ɗan kofi, da ganin fuskarta an daɗe ana fafatawa. Mama ta ce ba za ta sha ba sai ɗanta ya zo, shi ya san kan abin. Kafin ya iso ta gama sanar da duk ɗakin cewa ɗanta masanin duwatsu ne, har rubutunsa ake bugawa.

Ta ɗago hannu ta nuna masa zoben. Shuɗin ya dushe, ya soma komawa launin ƙasa.

“Ka gani? Ciwon yake zuƙewa. In na fita ya yi duhu, in na huta a ɗaki ya washe. Yau ne dai ya yi masa yawa.”

Ya san ba haka ba ne. Wani zirkon ɗin da aka gasa, in ya sha rana mai ƙarfi yakan dushe, daga baya launinsa ya dawo. Rana ce kawai da igiyar shanya. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya fasa. In ya ce ƙarya ce, a gaban nas da matan gadajen nan zai gaya wa mahaifiyarsa cewa da yaudara yake ciyar da ita. Mama kuwa ya san halinta, ba za ta yarda ɗanta maƙaryaci ne ba, sai dai ta ce likitoci ne suka tsorata shi, ta ƙara kafewa. In kuma ya yi shiru, faɗuwa ta gaba ba lalle ta tashi ba. Ya ji ɗakin ya fi gaban tanderunsa zafi.

Nas ta dubi agogo, ta dube shi.

“Mama,” ya ce, idonsa a ƙasa, “dutsen ba ya aiki shi kaɗai. Sai an sha ƙwayar likita kullum yake samun ƙarfin ja.”

“To me ya hana ka rubuta haka?”

“Wuri ne ya ƙare a katin.”

Ta ja ɗan tsaki, irin wanda take masa tun yana ƙarami in ya yi shirme, ta karɓi kofin ta haɗiye. Ƙanwar ta sauke ajiyar zuciya. Shi kuwa bai ji wani sauƙi ba, ya dai san ya ɗora sabuwar ƙarya kan tsohuwa.

Mama ta gyara kwanciya, ta ce wa ƙanwar ta lalubo mata lambar matar tela, a gaya mata maza ta koma kan maganinta, don ita ma ta daina sha. Sannan a kira yayar matar, da malamar da ke haya a gidan sama. Mama da kanta ta tura su shagon su sayi zoben, don a yi wa ɗanta ciniki.

“Su nawa ne, Mama?” ya tambaya.

Ta fara lanƙwasa yatsu tana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Da hannun dama ya ƙare, ta ɗago na hagu.