Taku Tara

A Dandin Mahe, in Ɗanbaba ya ce ya ga abu, to an gama magana. Manomin albasa ne kawai, bai da sarauta bai da almajirai, amma shekara talatin ba a taɓa kama shi da ƙari ko ragi a zance ba. Shi ya sa ba a rabon gona sai an kira shi ya tsaya.

Tafiyar Umara ce ta nemi ta jiƙa masa aiki. Ɗansa Abdulaziz, mai ɗinki a Jidda, shi ya kai shi, kuma da aka gama ibada ya dage sai Baba ya ga teku. Suka shiga jirgin masu yawon buɗe ido. Jagoran jirgin ya ɗaura wa tsoho rigar hana nutsewa, ya sa masa tabarau na roba da bututun numfashi, ya ce ya kifa fuskarsa cikin ruwa, kada kuma ya taɓa komai. Abin da ya gifta ta ƙarƙashinsa kifi ne mai ɗigo-ɗigon fari irin na zabo, bakinsa ya kai faɗin tabarma. Jagoran ya ce ba ya cin mutum, ƙananan halittun ruwa yake tacewa. Ɗanbaba dai hali ba ya barinsa: ya lura kifin ya yi daidai da jirgin daga goshi zuwa inji, don haka suna sauka a gaɓa ya auna jirgin da ƙafa. Taku tara.

Ranar da ya ba da labarin a majalisa, har da masu riƙe ciki don dariya. Kafin kasuwar Bodinga ta ci, direbobin bas sun raɗa masa Alhaji Mai Kifi. Ya nuna bidiyon da Abdulaziz ya turo, samari suka ce ai yanzu waya ba abin da ba ta haɗawa, su ma jiya sun ga akuya tana tuƙa keke napep. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ko taku ɗaya bai janye ba.

Ana cikin haka rigimar fadama ta taso. Ambaliyar damina ta share iyaka tsakanin gonar Talatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, da ta maƙwabcinta Tasi'u. Fangali huɗu na albasa ake ja a kai, kuma cikin waɗanda suka ga rabon farko Ɗanbaba kaɗai ya rage a raye. Tasi'u ya san haka, sai ya shiga bin majalisu yana tambaya ko mai iyo da kifin da ya fi bas tsawo zai yi shaida.

Da safen ranar zaman shari'ar, Shatu matar Ɗanbaba ta aje masa kunu, ta roƙe shi ya ɗan rage kifin nan saboda marayu, ya ce wa mutane girman jaki ne, kowa ya huta. Ya shanye kununsa, ya tambaye ta inda hularsa take.

A ƙofar mai gari Tasi'u ya yi ta zuba har ya gaji. Mai gari, da yake yana ganin girman Ɗanbaba, sai ya buɗe masa hanyar fita, ya ce an ce ruwa kan ƙara wa abu girma a ido. Ɗanbaba ya miƙe, ya tattare riga, ya taka tara a gaban jama'a yana ƙirgawa a fili.

"Ranka shi daɗe, in nir rage ma kihi taku guda don a bar yi mani dariya, gobe sai in rage ma Talatu taku guda don Tasi'u shi ji daɗi. Tara na."

Mai gari ya tambaye shi ko ya kama kifin, ko kuwa bayansa ya hau.

"Wane ni. Ina ganinai nis saki bututu, nish sha ruwan gishiri har ciki ya cika, ina kiran sunan uwata. Da wuyan riga anka jawo ni kamar rago, gaban mata da yara. Sai karo na biyu nik koma riƙe da igiya, nid dube shi da kyau."

Aka sake fashewa da dariya, amma wannan karon Tasi'u bai yi ba. Mai gari ya ce ya tsufa yana sauraren maƙaryata, bai taɓa ganin wanda ya shirya ƙarya ya ba kansa kunya a cikinta ba. Ya ce a tashi a je fadama.

Ɗanbaba ya tsaya a bakin tsohuwar rijiya, inda aka fara awon tun farko, ya yi gabas yana taku. Talatu na biye daga nesa, hannunta a ƙirji. Ya wuce fangali na ɗaya, na biyu, na uku, sai ya tsaya ya kafa sandarsa. Ya ce uku na Talatu ne, na huɗun kuwa na Tasi'u ne, a gaban idonsa mahaifin Tasi'u ya haƙa shi. Talatu ta zauna a ƙasa tana hamdala, don ta zo ne da tsoron rasa duka.

Tasi'u, wanda bai yi zaton samun ko ɗaya daga wannan bakin ba, ya yi saurin cewa ya yarda da shaidar Alhaji. Mai gari ya dube shi ya ce shaidar mutum ba a yanka ta biyu a zaɓi tsoka, kifin fa?

Tasi'u ya dubi fangalinsa, ya dubi jama'a, ya sunkuyar da kai.

"Taku tara na, ranka shi daɗe."