Bangon Ɗakin Gaba

Tela ya tsoma burushi a bokitin fenti ke nan sai ya ji tarin Magini a bayansa. Bai juya ba. Shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da ɗakin tsohon, ya san tarin nan kamar yadda ya san ƙarar kekensa. Amma tun ranar ambaliya tarin ya sake murya, ya koma can ƙasan ƙirji.

"Ajiye abin nan," in ji Magini.

"Baba, kwana shida ya rage."

"Na iya ƙirga. Ajiye."

Gidan da suke tsaye a ciki gidan kwanan marasa matsuguni ne, a ƙarshen layinsu, inda ƙasa ta gangara. Ɗaki uku ne, maza ashirin da uku ke kwana a ciki. Sati biyu da suka wuce ruwa ya shigo ta ƙofa da ta magudana, ya kai ƙugun mutum, ya kwana biyu, ya tafi ya bar laka da wari da baƙin layi a jikin bango. Magini na cikin waɗanda suka shiga ruwan suka fito da masu ciwon ƙafa. An kwashe mutanen gidan zuwa zauren makarantar unguwa, amma hutu ya kusa ƙarewa, kuma shugaban makaranta ya ce yana son zaurensa. Ranar Alhamis jami'ar hukuma za ta zo ta duba gidan. In ta sa hannu, su dawo. In ba ta sa ba, a garƙame ƙofa, yawancinsu kuwa daga ƙarƙashin gada suka fito, can za su koma.

Unguwa ta yi abin da ta iya. Mai walda ya miƙe ƙafafun gadaje. Mata sun wanke barguna sun shanya har igiya ta ƙare, suka koma kan katangu. Tela da kansa ya ajiye ɗinkin mutane ya yi rigunan katifa ashirin da uku, yana aiki yana leƙa titi, domin shi mutum ne da ba ya iya zama in akwai ranar da aka yanka. Mai Fenti ya kawo bokiti huɗu na fentin mai, fari sol, ya ce sadaka ce, a dai bar sunan shagonsa a jikin bokitin.

Magini ya dafa bango da tafin hannu, ya daɗe, kamar mai jin zafin jikin yaro. Sannan ya ce a ba shi leda da salatif. Ya yanki leda kamar faɗin hannu biyu, ya liƙa ta a bango ta gefe huɗu, ya miƙa wa Tela hannu ba tare da ya dube shi ba. Tela ya ciro allin ɗinki daga bayan kunne ya ba shi. Tsohon ya rubuta ranar a ƙarƙashin ledar.

Ya yi musu bayani a taƙaice, da tari a tsakani. Gobe a ɗaga ledar. In akwai raɓa a cikinta, ruwa na nan cikin bulo. A fasa filasta daga ƙasa har taƙi ɗaya sama da baƙin layin, a bar bulo tsirara, a buɗe tagogi, a jera fanka. Fenti sai bayan wata guda, ko biyu.

Shugaba, matar da ke riƙe da makullan gidan, ta tambaya ko jami'ar za ta yarda da ɗaki ba filasta. Magini ya ce shi bai san jami'a ba, bango ya sani.

"To, a kawo baƙuwa a nuna mata kango," in ji Mai Fenti.

"Kai dai ka sayar da fentinka."

"Kyauta na bayar, Baba."

"Shi ya sa ya fi tsada."

Aka yi dariya, ban da Tela. Shi kwanakin yake ƙirgawa.

Washegari ledojin da aka liƙa a ɗakuna ukun duk sun yi gumi. Aka fara fasa filasta daga ɗakin baya. Mutanen gidan suka zo daga makaranta suka karɓi guduma, har da wani dogo da ake kira Direba, wanda ya ce shekara ashirin yana tuƙa babbar mota bai taɓa bugun komai ba, yau zai rama. Magini ya zauna a kan bokitin fenti yana nuna layi da sanda. Kafin la'asar ya kasa zama. Autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta zo ta tafi da shi, tana faɗa tun daga ƙofa har gida cewa likita ya ce kwanciya, bai ce a je a shaƙi ƙura ba.

Ranar Lahadi an gama ɗaki biyu. Fanka tara na aro suna juyi, janaretan mai aski na ruri a ƙofa. Saura ɗakin gaba, wanda ya fi girma, wanda duk mai shigowa zai fara gani. Tela ya tsaya a cikinsa, ya leƙa na bayan. Bulo ja-ja, ƙura, wayoyi a fili. Ya fita titi, ya dawo. Ya je shago ya zauna a kan keke, bai taka ba, ya sake dawowa.

Shekara talatin yana ɗinki, ya san yadda ido ke aiki. Mai riga gaba yake dubawa, da wuya, da aljihu. In gaban ya yi kyau, ba ya juya cikin. Yadi in ya yi aibu a sa masa shafi, shi ke nan. Ya gaya wa Mai Fenti haka, Mai Fenti ya ce ai shi tun farko abin da yake faɗa ke nan. Shugaba ta juya makullanta, ta ce Baba fa ya hana. Tela ya ce Baba na kwance, kuma ba Baba ne zai sa hannu a takarda ba. Ɗaki ɗaya ne kawai, don baƙuwa ta shigo da zuciya mai kyau.

Suka ɓare ledar suka jefar. Suka yi shafi biyu. Baƙin layin ya ɓace, allin Magini ma ya ɓace. Da yamma ɗakin na ƙyalli kamar asibiti, masu wucewa na leƙowa suna sa albarka. Direba ne kaɗai ya shinshina ya ce ƙamshin sabuwar mota, amma injin tsoho ne.

Ranar Litinin Tela ya shiga gaishe da maƙwabcinsa. Ɗakin ƙarami ne: gado, kujera ɗaya, akwatin kayan aiki a ƙarƙashin taga, cokalin gini a rataye da ƙusa, hannunsa ya lotsa daidai yatsun mai shi. Magini na jingine da matashi biyu domin in ya kwanta numfashi ba ya zuwa. Auta na daga ƙofa tana ƙirga ƙwayoyi a murfin kwalba.

Tela ya fara ba da labarin fankoki. Tsohon bai saurara ba. Hannun Tela yake kallo, gefen farce, inda kananzir bai wanke ba.

"Wane ɗaki?"

"Na gaba kawai, Baba."

"Shafi nawa?"

"Biyu."

Magini ya rufe ido. Tela ya yi zaton barci ne, ya fara miƙewa.

"Ka toshe masa hanci," in ji tsohon. "Ruwan ta ina zai fita?"

Tela ya ce shi dai tsoro ya ji, kada matar nan ta shigo ta ga kango ta juya.

"Ɗan nan, bango ba riga ba ne. Ba a juya shi a ɓoye ɗinki. Mutane za su kwana a ciki suna shaƙa." Ya yi tari mai tsawo, Auta ta riƙe masa kofi. Da ya samu iska ya nuna akwatin da haɓa. "Ɗauki guduma ta. Taka ta ƙusar labule ce."

Tela ya ɗauka, amma bai fasa komai ba a ranar. Ya ce wa kansa tsufa ne da taurin kai. Ya zagaya ɗakin gaba sau uku kafin magariba, fentin lafiya lau. Ranar Talata da safe ya ga ƙuraje a jikin fentin. Daga ƙasa suka fara, ƙanana kamar na zafi, zuwa azahar sun kumbura kamar ƙuna. Ya danna ɗaya da babban yatsa, ta fashe, ruwa mai wari ya gangaro kan farin fentin. Mai Fenti ya zo ya duba, ya ce wataƙila burushin ne, ya tuna yana da baƙi a shago.

Suka fara fasawa da rana tsaka, kwana biyu a makare. Fentin mai ya kama filasta ya yi danƙo, kowane bugu sai an maimaita. Babu wanda ya ce wa Tela komai, abin da ya fi damunsa ke nan. Shugaba ta kawo masa ruwa ta ajiye ta wuce.

Ranar Laraba da hantsi, yana kan gwiwa a kusurwar gabas, Auta ta tsaya a ƙofa. Ba ta shigo ba saboda ƙura. Ta jira har ya ɗago.

"Kawu, Baba ya cika."

Gudumomi suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, sai ƙarar fankoki kawai. Tela ya tambaya yaushe, ta ce yanzun nan, tana haɗa masa shayi. Ya tambaya ko ya ce wani abu. Ta ce ya tambaya ko an mayar da leda a ɗakin gaba, ita kuma ba ta sani ba, sai ta ce masa an mayar.

Aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Mutanen gidan kwana su ashirin da uku suka bi, da ƙurar filasta a gashinsu. Da aka dawo Tela bai zauna wurin gaisuwa ba. Ya wuce gangare, ya ƙarasa kusurwar, ya yanki leda ya liƙa a kan bulo, ya rubuta ranar.

Jami'ar ta zo ranar Alhamis da ƙarfe goma, gajeriyar mace da takalmin roba da wata 'yar na'ura mai ƙusoshi biyu. Ba ta dubi gadaje ba, ba ta dubi rigunan katifa ba. Ta wuce ɗakin baya ta tsaya gaban ledar, ta karanta allin, ta tambaya wa ya koya musu wannan. Shugaba ta ce maƙwabci ne, jiya aka binne shi. Matar ta ce Allah ya jiƙansa, ta ɗaga ledar, ta shafa cikinta, ta dubi yatsanta. A bushe. Ta danna na'urarta a bulo wuri biyar. Ɗaki na biyu ma haka.

A ɗakin gaba ba ta ma ciro na'urar ba. Raɓa ta taru a ledar har tana gangarowa. Ta ɗaga kai ta ga sauran farin fenti daga sama, ta tambaya wa ya yi wannan kuma.

"Ni ne," in ji Tela.

"Mene ne sana'arka, Malam?"

"Ɗinki."

Ta gyaɗa kai, ta rubuta. Ɗaki biyu ta sa wa hannu, mutum takwas-takwas, ba ƙari. Na gaba a rufe, za ta dawo bayan sati uku. Shugaba ta roƙa a matsa gadaje, matar ta ce ƙa'ida ce, ba ita ta rubuta ta ba.

Sha shida. Tela ya tsaya a ƙofa yana cire sha shida daga ashirin da uku, kamar in ya maimaita amsar za ta canza. Direba ya ce kada a wahalar da kai wajen zaɓe, shi ya san gadar, har wurinsa na nan in ba a gaje shi ba. Wasu biyu suka yi dariya, suka fara naɗe bargunansu.

Tela ya haura layi da sauri, ya buɗe shago, ya auna ƙasa da tef ɗin wuyansa. In ya tura kekuna biyu jikin bango, ya ɗora teburin yanka a kansu, katifa uku za su shiga. Yana cikin jan teburin Auta ta leƙo, idonta a kumbure, da makulli a hannu. Ta ce ɗakin Baba zai ɗauki huɗu in an fitar da kujera. Kayan aikinsa dai kada a taɓa.

"Sati uku ne," in ji Tela.

"In ba ka sake yin fenti ba, Kawu."

Washegari ya riga kowa sauka gangare. Sai da ya tsallake ƙafafun mutum uku kafin ya fita daga shagonsa, ta bango kuma ya ji wani yana tari a ɗakin Magini, tarin da bai sani ba. Shugaba ta ba shi makullin ɗakin gaba ba tare da ta tambaya ba. Ya buɗe tagogi, ya juya fankoki su fuskanci kusurwar gabas. Ya ɗaga ledar, ya goge raɓar da gefen rigarsa, ya mayar ya danne salatif ɗin da farce. Ya ciro alli daga bayan kunne ya rubuta ranar a ƙarƙashin ta shekaranjiya. Sannan ya kifa bokitin fenti, ya zauna a kai, gudumar tsohon a kan cinyarsa.