Fanka Ta Goma Sha Bakwai

Ranar Asabar ce a watan Agusta, iskar yamma tana tasowa daga teku har tana kwantar da ciyawa, ga yayyafi jefi-jefi. Dattijo Mlungisi ya durƙusa gaban kabarin mahaifinsa, cikin filin da aka kewaye don gina tashar nukiliya, ya shafa reshen magaryar kura a kan duwatsun.

"Tata, tashi mu tafi gida," ya ce, Tata kuwa Baba ke nan a harshensu. "Jikokinka sun kawo mota."

Shekara biyu ya yi yana neman izinin shiga filin, aka ba shi na yini guda. A gida an riga an kayar da sa, giyar dawa ta nuna, dangi sun cika tsakar gida. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta: wanda ya ɗauko kurwar mamaci a reshe, da mamacin kaɗai zai yi magana har ƙofar gida. In ya tanka wa mai rai, mamacin ya sauka ke nan a wurin.

Babban ɗansa Zolani, mai gadi a gonar fankokin da iska ke juyawa su ba da lantarki, shi ke tuƙi. Ƙanensa Lungelo yana gefensa. Dattijon ya zauna a baya, reshen kuma a kujerarsa ta kansa.

"Tata, ga gada, riƙe da kyau," Mlungisi ya raɗa wa reshen. Da suka hau tudu ya ƙara, "Waɗannan dogayen fararen ba ka san su ba. Kada ka tsorata, iska kawai suke ci."

Lungelo ya yi tsaki. "Iska suke ci, mu ma iska muke ci. Bhuti, yayana, mutum nawa fankokinku suka ɗauka aiki? Goma sha biyu da kare?"

"Taka tashar fa? Shekara talatin, shinge kaɗai ta ɗauka aiki. Kana nan kana jiran gawon shanu da takardar walda a aljihu."

"In ta zo, mutum dubbai ne. Kuma ba ta hutu don iska ta kwanta."

"In ta zo! Ranar da tukunyarta ta tsage, ta ina za ka gudu? Hanya ɗaya ce tak zuwa Humansdorp."

"Mama ta daina barci saboda wuu-wuu ɗinku. Ungulu nawa ka binne bana, mai gadin maƙabartar tsuntsaye?"

"Gara ungulu da kai, ɗan zaman kashe wando!"

Mlungisi ya dafa reshen. "Yi haƙuri da su, Tata. Kai suka gado."

Zolani ya juya gaba ɗaya yana nuna ƙanen da yatsa. Ta tsakanin kawunansu dattijon ya hango baƙar saniya tsaye a tsakiyar titi. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi reshen.

"Zolani! Saniya!"

Motar ta yi ƙara, ta zame gefe, ta daki turken shingen gonar fankokin. Saniyar ta dube su, ta wuce abinta. Ba abin da ake ji sai fukafukan fanka ta goma sha bakwai suna sara iska a bisa kansu.

"Ba wanda ya ji, Tata," Lungelo ya ce a hankali. "Mu ƙarasa kawai."

"Shi ya ji."

"Mu koma kabarin, mu sake ɗauko shi."

"Wa za mu tarar a can? Ya sauka a nan."

Dattijon ya fito da reshen. Iska ta fizge masa hula, bai bi ta ba. Ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa yana fuskantar turken fankar, sannan ya ɗaure reshen a jikin wayar shingen da igiyar takalminsa.

"Shekara talatin yana bayan wancan shinge, ba mai gaishe shi," ya ce. "Yanzu ga shi bayan naka, Zolani. Kai kana da makulli. In ka zo aiki, ka riƙa ce masa ina kwana. Kai kuma, Lungelo, ka tura motar."

Suka tura tare, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Abin da aka rasa ranar: fitilar mota ta hagu, hula ɗaya, igiyar takalmi ɗaya, sa guda da aka cinye mai bikin bai iso ba, da kaka ɗaya. Saniyar ko ƙwarzane ba ta yi ba.