Mutanen Dalmar Mati

"Da idona na gani," in ji Mairo, tana ɗauraye tulu a bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin auduga. "Ga Audi nan tsaye bisa faifai, tsawonai bai kai ɗan yatsa ba, da rawaninai da komi. Kuma ga jini ga ƙirji."

Matan da ke ɗiban ruwa suka ɗauki salati. Mijin Mairo, Audi, ya rasu da kaka bayan ya daɗe yana fitsarin jini, kuma wadda ta fito takaba ba a cika musa mata magana ba. Kafin tulunan su cika, zancen ya yi rassa: wai tsoho Mati yana ƙera mutanen ƙauye da dalma ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ɗiga wa ja a ƙirji ba ya ganin wata damina. Wai ciwon da ya kwantar da shi yanzu, abinsa ne ya juyo kansa. Wai kuma Liman Abdulmuttalib ya ce matsafi ba shi da salla, ba shi da wuri a maƙabarta.

Sakinatu ce kaɗai ba ta yi salati ba. Tsohuwa ce, 'yar malami, ta yi sauka ta karanta littattafai a gaban ubanta, kuma tun tana yarinya in aka ce mata "an ce", sai ta tambaya wa ya ce.

"In mutum-mutumi ka kawo tsargiya," ta ce, "to Mati ya ƙera rabin Jazira. Wane namiji na bai shiga ruwan ga ba ya hito da ita?"

Ta ɗauki tulunta. Da hantsi ta dama kunu ta nufi gidan Mati, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da nata.

"Salamu alaikum. Da mai rai a gidan ga?"

"Akwai rabinai. Shigo, ɗiyar Malam. Ba ki tsoron in ƙera ki?"

"Ƙera ni mana. Amma ka maido mini haƙorana."

Yana kwance a kan angarib, gadon igiya, ƙarƙashin rumfa, ya rame har zanen rufarsa ya yi masa yawa. Hannayensa duka biyu sun lanƙwashe daga wuyan hannu, ba sa riƙe ko ludayi. Murhu ya yi sanyi, kaji sun yi kashi a bakin ƙofa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba, kuma tun da zancen ya tashi maƙwabta suka daina aiko da kwano. Ta ba shi kunun a baki, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Jawo faifan nan ƙarƙashin gado," ya ce.

Ta jawo, ta yaye ƙyallen da ya rufe shi, sai ga ƙauyen gaba ɗaya. Ga masu tsinkar auduga da buhuna a baya, ga mai jaki, ga masunci da taru na zare, ga ladan ya sa hannu a kunne. Ta ɗauki ɗaya, nauyinsa ya ba ta mamaki.

"Dalma ta," ya ce. Muryarsa ta ɗan farfaɗo.

Shekaru ya yi yana kuku a gidan wani Bature, mufattishi mai duba gonakin auduga, kusa da garin Hasahisa. Da Turawa suka tattara kayansu, aka bar masa buta mai yoyo da akwatin sojojin wasa na ɗan maigidan. Da ya dawo ƙauye, ya ga sojojin ba su dace da ɗakinsa ba, sai ya shiga gyaransu. Doguwar hular ya goge da magagari, ya naɗa rawani da zaren auduga. Bindigar ya lanƙwasa ta koma sanda ko ƙotar fartanya. Riguna da zannuwa ya yanko daga tsummoki, ya jiƙa da ƙaro su tsaya. Fuska kuwa baƙin tukunya ne, da burushin da ya haɗa daga gemun bunsuru.

"Ido shi ad da wuya," ya ce. "Sai ka riƙe numfashi. In ka yi atishawa, mutum ya zama mai harara har abada. Dubi can gefen, ke ta."

Wata 'yar tsohuwa ce da allo a hammata, an ja mata baki har kusa da kunne.

"Mati, bakina bai kai haka ba."

"Ragewa ma na yi."

Dariyar ta jawo masa tari. Da ya lafa, ta nemo Audi. Ga shi nan da gajeren gemunsa, kuma Mairo ba ta yi ƙarya ba, akwai ja a ƙirjinsa, kamar girman ƙwayar dawa. Sakinatu ta kai shi haske. Ta shinshina. Sannan ta ɗauki mai jaki, ta kankare farar rigarsa da farce. Ja ya fito. Ta kankare ladan, ja. Ta kankare 'yar tsohuwar mai allo, ja.

"Jar riga gare su duka, haka anka kawo su," ya ce. "Farin nawa na, bisa ya ke."

"To don mi na Audi kaɗai ya ɓullo?"



"Shi ka zuwa nan shan gahawar jabana da la'asar. Tun da ya tahi, shi nika riƙewa. Babban yatsa ya cinye farin."

"Mi ya sa ka yi su, Mati? Tsakaninka da Allah."

"Daɗi nika ji."

Ta jira sauran bayani. Babu. Ita da ta zo da shirin jin wani babban sirri, sai ta ji kunya ta kama ta.

"An ce Liman ba ya yi mini salla," ya ce. "Gaskiya na?"

"An ce."

"Ban son a gina mini rami bayan tur'a kamar jaki, ɗiyar Malam. Ki taimake ni."

Bayan azahar ta rufe faifan ta kai zauren liman. Abdulmuttalib almajirin ubanta ne a da, ta sha zuba masa tuwo, saboda haka ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta miƙa masa mai jaki ta ce ya kankare da kansa. Ya kankare, ya duba, ya kankare wani.

"Na yarda, Inna. Wanga ba sihiri ba na. Amma sura ce ta mai rai, an hana."

"Allah gafarta Malam, 'yar tsana ma sura ce, kuma malamai sun bar yara da abinsu. Littahi guda munka karanta."

"Mati yaro na?"

"Shi da ba ya da kowa, da mi kaka so shi yi hira?"

Liman ya ajiye mai jakin a hankali, kamar mai tsoron ya ji ciwo.

"Ko na tsaya gaba, wa za shi tsayawa bayana? Mutane sun riga sun yanke. Shi narka su gaban jama'a, a ce ya tuba. Kalas, shi ke nan."

"Ya tuba daga mi?"

"Inna, gardama kika so ko sahu?"

Tana da amsa, har guda uku. Ta haɗiye su, ta ɗauki faifan.

Da ta gaya wa Mati, bai yi musu ba. Ya tambaya kawai ko za a bar su su kwana. Da safe, kafin mutane su taru, ta ɗauki Audi ta nuna masa bakin zanenta.

"Wanga ɗaya in ɗaure shi nan. Ba mai sani."

"A'a. Kar ki raba su. Su tahi tare."

Tsakar gidan da ya yi makonni ba a taka ba ya cika. Maza a bakin ƙofa, mata ta kan katanga. Tun da hannayen Mati ba sa aiki, Sakinatu ce ta hura gawayi ta ɗora kasko. Ya ce a juya angarib ɗin ya fuskanci wutar. Tana zubawa yana kiran sunayensu ƙasa ƙasa, kamar mai sallamar baƙi a bakin hanya.

Rawunan ne suka fara kamawa, sannan riguna. Warin ƙaro da ƙonannen tsumma ya tashi. Farin fentin ya kumbura ya ɓare, sai ja ya bayyana a jikin kowannensu, kasko guda, kafin ya yi baƙi.

"Ga jinin nan!" Mairo ta ƙwalla ihu. "Kun gani? Da duk mun mutu!"

"Riga ce!" in ji Sakinatu. "Jar riga ce ta soja!"

Kabbara ta danne muryarta. Ta dubi liman, liman ya dubi ƙasa. A cikin kaskon ƙafafu suka fara saki, mutanen suka durƙusa, suka kwanta a kan juna, har aka rasa wane ne wane. Mati bai ɗauke ido ba sai da ya zama ruwa guda mai sheƙi.

"An gama?" ya ce.

"An gama."

"To ki ce ma Malam."

Bai kai Juma'a ba. Ita ce a wurin, tana ɗiga masa ruwa da auduga, da hantsi, lokacin da kowa yana gona. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, liman ya tsaya gaba. Sahu ya cika har ya fi na Audi, don mutane sun zo daga ƙauyukan kusa su ga jana'izar matsafin da ya tuba. Aka binne shi a maƙabarta, cikin mutane, ta gefen gabas.

Dalmar ta daskare da siffar gindin kaskon. Ta kwana biyu a bakin murhun, ba mai son taɓawa, har Sambo masunci ya zo ya roƙa. Sakinatu ta ba shi. Ya zauna a gindin katanga da guduma, yana yanka ta ƙanana, yana matse su a bakin tarunsa.

Sojojin wasa ne na wani yaro, da jar riga aka ƙero su. Audi tsargiya ce ta kashe shi. Mati fenti yake yi musu.