Yadi Biyar na Alawayyo

Iyatu ta riga ta sa rigar tiyata lokacin da yayanta Yamusa ya fizge takardar amincewa daga hannun likita. Tun da safe ya rufe shagonsa a Dutse Alhaji ya taho asibitin nan na Garki da ƙunshi a hammata. Shi kuwa Yamusa, bai taɓa barin mutum ya kai ƙarshen magana ba.

"Abin da aka yanke a jikin Musulmi binne shi ake yi," in ji shi. "Ni za a ba ƙarin nan."

Likita Mashkura ta sake bayani a hankali. "Alhaji, ba zubarwa za mu yi ba. In zafi ko wahala ta matsa wa ƙwayoyin jiki, akwai furotin da suke yi, heat shock protein. Na cikin ƙarin nan yana riƙe da ɓurɓushin ciwon dajin. In ya fito da shi, sojojin jiki su gani, su gane abokin gaba. Shi muke bincike a kai. Amma sai ƙarin ya shiga firiza da zarar an cire."

"Zai warkar da ita?"

"Ban yi alkawari ba. Wataƙila ya amfani wata a gaba."

Yamusa ya juya ga Iyatu. "To kin ji."

Iyatu ta jawo ƙunshin ta kwance. Farin alawayyo ne, sabo fil. Ta auna daga hanci zuwa ɗan yatsa, sau biyar. Ƙarin da ke ƙirjinta bai kai ƙwan kaza ba.

"Yaya, duk wannan na ƙwai ɗaya ne?"

Ya kau da kai. "Tiyata ce, Iyatu. Rai na Allah ne."

Tausayinsa ya kama ta, amma haushin ya fi yawa. Ashe har da ita aka yi cefanen. Ta zare takardar daga hannunsa, ta karɓi biro, ta sa hannu.

"Shekara biyu yana cina a ɓoye, ya raba ni da rumfar tukwanena. Ba zan yi masa sutura ba. Likita, ku kai shi firiza ku tona masa asiri."

Ta ninke yadin ta ɗora masa a cinya.

"Wannan kuma ka kai wa telan layinku. Doguwar riga nake so, mai aljihu. Ka ce kada ya yanka, ni zan zo awo."