Wuyan Keken Dogo

Da hantsi aka jefo rabin keke cikin shagon Mai Walda. Jefowa aka yi, don sai da ya daki tulun gas, ya kifar da gwangwanin kusoshi suka watse a siminti. Mai Walda ya kashe wuta, ya ɗage gilashin fuskarsa, sai ya ga mutum uku sun cika ƙofa. Na tsakiya yana riƙe da ɗaya rabin, kan keken da tayar gaba, jini ya bushe a hannun birki.

Ya san shi. Mai fasa dutse ne, yayan Dogo, kuma Dogo yana cikin mahaya keken da ke hawa tsaunin bayan gari duk Asabar su gangaro kamar an koro su.

"Aikinka ne wannan?" in ji mai fasa dutse.

Tambayar ba ta neman amsa. Shekara goma sha tara Mai Walda yana ƙera firam, wato gangar jikin keken tsauni, irin mai sandararren baya, wanda shokozobarsa a ƙafar gaba kawai take, ƙarfen nan mai riƙe da tayar gaba, bayan kuwa ƙarfe ne zalla, duk dutsen da ka taka sai ƙugunka ya ba da labari. Kowane firam yana fita da hatiminsa a ƙasan feda, gefen hatimin kuma lamba ce da yake bugawa da kansa, tsawon ƙafar gaban da aka auna wuyan keken ya ɗauka. Mutum ne mai taurin kai a kan awo. Firam ɗin da ya tsage a wuya ba ya gyara shi ko za a yi masa kuka, sai dai ya raba shi biyu ya rataye a bango, kada wani mai ƙarar kwana ya sake hawa. Bangon nan ya jawo masa zagi da yawa, shi kuwa ko a jikinsa.

"Ina Dogo?" ya tambaya.

"Yana asibiti, tun jiya bai farka ba. A gangaren nan mai matakalar duwatsu ya diro, wuyan keken ya tsinke a hannunsa. Fuskarsa ce ta fara isa ƙasa. Haƙoransa ni na tsince su cikin tsakuwa, guda shida, ga su nan a aljihuna in kana son gani."

Mai Walda ya durƙusa gaban rabin keken. Idonsa ya fara zuwa kan waldar wuyan, wadda ta rage a ɗaya rabin, ya tarar da ita lafiya lau, zagayayya, ko gashi ba ta buɗe ba. Bututun firam ɗin ne ya yage daga ƙasa, bayan waldar da yatsa ɗaya, kamar an sa ƙarfe an ɓanɓare shi. Ya dubi lambar da ya buga, milimita ɗari da ashirin. Sannan ya dubi ƙafar gaban da ke hannun mai fasa dutse. Bai buƙaci tef ɗin awo ba, ɗari da saba'in ce, har da sabon fenti.

Mutum ɗaya ne ke ɗaura ƙafa da taya a shagon nan, ƙanensa Auta, wanda a lokacin yake can ciki kan benci, taya a cinya, sifana a hannu. Auta ba yaro ba ne, da gemunsa da matarsa. Wata biyu ke nan yana damun yayansa da magana ɗaya: wai yanzu kwantaccen wuya ake yayi, in ka sa doguwar ƙafa tayar gaba tana yin gaba, keke ya zauna daram a gangare, ba ya neman kifar da kai. Gaskiya ne, Mai Walda bai musa ba. Amma ya ce masa doguwar ƙafa a wuyan da ba a ƙera don ita ba ɓanɓararsa take yi a hankali, duk dira tana ci, har ranar da zai saki. Auta ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai dai ka tsufa da tef a wuya."

Mai Walda bai gama miƙewa ba naushin mai fasa dutse ya same shi a kunne. Ya faɗa kan teburin awo, wanda yake ɗaure bututu a kai kafin walda, ɗaya daga cikin mutanen ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari, sau biyu, da takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Na ukun ya ɗauki bututu ya bi shagon da duka. Ya fasa fitila, ya fasa gilashin walda, ya lanƙwasa firam ɗin da aka kwana huɗu ana jerawa. Auta ya miƙe, aka nuna shi da bututun, ya koma ya zauna.

"Waldata ba ta buɗe ba," in ji Mai Walda, jini yana cika masa baki. "Duba da idonka."

"Ni dutse na sani, ban san walda ba," in ji mai fasa dutse. Ya zaro guduma daga ɗamararsa, irin mai gajeren ƙota. "Amma ba zan zalunce ka ba. In wani ya taɓa keken nan bayan kai, faɗa mini ko wane ne, in bar ka. Hannun da ya yi wannan aikin nake so, shi kaɗai."

Tayar da ke cinyar Auta tana ta juyawa ita kaɗai.

Mai Walda bai waiwaya ba. Jira ya yi. A ransa ya riga ya gama shawara: Auta na buɗe baki, shi zai tashi ya shiga tsakani, ya ce shagonsa ne, ƙanensa ne, a sauke a kansa. Hannun dai nasa ne zai tafi ko ta yaya, wannan ya yarda. Abin da yake so kawai ya ji muryar Auta, wanda tun yana yaro ya riƙe wa sirdi yana gudu a bayansa har ya iya tuƙi. Ya ba shi lokaci, ya tofar da jini, ya goge baki, ya sake ba shi lokaci. Ya ji sifana ta faɗi ƙasa, ya ji an sunkuya an ɗauka. Abin da ya ji ke nan.

"Daga shagona ya fita," in ji Mai Walda.

"Da wane hannu kake aiki?"

"Da duka biyun. Ɗaya wuta, ɗaya sandar walda."

"To zaɓi."

Ya miƙa na hagu a kan teburin awo. Mutum biyu suka danne masa kafaɗa, ko da yake bai yi motsi ba. Gudumar ta sauka sau uku. Ta farko ya ji ƙarar ƙashi kafin zafin ya iso. Ta biyu ya yi wani irin gurnani da bai san yana da shi ba. Ta uku bai gan ta ba, don idonsa ya rufe, sai dai ya tsinci kansa a siminti cikin kusoshi, hannun yana kan ƙirjinsa, yatsu uku suna kallon inda yatsu ba sa kallo.

Mai fasa dutse ya goge gudumar a wandonsa. Kuka yake yi, hawaye har gemu. Ya ɗauki kan keken ƙanensa suka fita.

Sai a lokacin Auta ya taso. Ya zo ya durƙusa, ya tuɓe riga yana neman naɗe hannun.

"Yaya, ni ne. Ni na sa masa ƙafar."

"Na sani."

"Wallahi bakina ne ya ƙi buɗewa."

"Ga shi ya buɗe." Mai Walda ya jingina da ƙafar tebur, yana numfashi da ƙyar. Zafin hannun daban, abin da ke cin zuciyarsa daban, kuma na biyun ya fi. "Keke nawa ka yi wa haka?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Huɗu. Na Dogo, da na mutum biyu, da nawa. Tashi mu tafi asibiti, Yaya, jini kake zubarwa."

"Asibiti ba ya gudu. Mutum biyun nan za ka bi su gida yau, ka faɗa musu da bakinka, ka karɓo kekunan. Kuma Dogo zai farka, Auta. Ranar da ya farka zai faɗa wa yayansa wanda ya ɗaura masa ƙafa, ni kuma ba ni da wani hannun da zan ba ka."

Ya nuna da haɓa can bayan ƙofa, inda keken Auta yake jingine. Firam ne shuɗi da ya ƙera masa shekarar da ya yi aure, wanda ya fi kowane kyau cikin aikinsa, ga doguwar ƙafa tana sheƙi a gabansa.

"Kawo shi kan tebur. Ɗauko injin yanka."

"Yaya, wannan bai tsage ba."

"Juya shi ka duba ƙasan wuya."

Auta ya juya keken, ya kankare laka da farce. Ga wata siririyar tsaga nan kamar gashi, daidai inda na Dogo ya yage.

"Da ni zan yanka," in ji Mai Walda, "amma injin nan hannu biyu yake so."

Auta ya jona wuta. Mai Walda ya rungume hannunsa, ya zuba ido, bai kau da kai ba har shuɗin firam ɗin ya rabu biyu. Sannan ya ce a rataye shi a bango, ya miƙe da kansa ya nufi ƙofa.