Talabijin ɗin Auta

"Ɗauke shi kafin Inna ta dawo," in ji Yaya, tana tura mataccen talabijin ɗin bakin ƙofa da ƙafa.

Mai sayen tsofaffin kayan wuta ya jingine baronsa ya durƙusa. Talabijin ɗin, ƙaninta Auta ne ya saya wa Inna shi da albashinsa na fari, daga nan ya tafi birni, ko waya sai an roƙe shi. Talabijin ɗin ya daɗe da mutuwa, amma kullum sai Inna ta goge shi ta lulluɓe, in baƙi sun zo ta ce, "Na Autana ne." Sabon da Yaya ta kawo kuwa yana ƙarƙashin gado a kwalinsa. Ita ke kai Inna asibiti, ita ke wanki, ita ke girki, amma a banza, Auta ake yabo. Kishi take, kuma ta sani.

Ta ɗauka mutumin zai ɗora shi a baro ya wuce. Ina! Guduma ya zaro ya fasa bayan nan take, ya zare jar waya, ya ɓalle allon ciki ya jefa a buhu.

"Sauran fa?"

"Roba da gilashi? Ba na ɗaukar shara, Hajiya. Kar dai ki ƙona, hayaƙin guba ne."

Ya tura baronsa ya bar mata ƙwarangwal. Tana tsince gilashi sai ga Inna ta dawo daga maƙwabta. Ta tsaya, ta dubi abin, ta dubi Yaya. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Kira min Auta," ta ce.

Yaya ta danna lambar ta miƙa mata wayar. Yau kam, abin haushi, bugu ɗaya ya ɗauka. Inna ta ce talabijin ɗinsa ya fashe, ba ta faɗi wanda ya jawo ba, sai muryarta ta karye. Can tana sauraro, sai fuskarta ta washe.

"Kin ji? Ya ce kar in yi kuka, jibi yana hanya!" Ta miƙa mata wayar tana share ido. "Yaron nan akwai tausayi. Maza ki kwashe kayanki daga ɗakin gaba, ya fi iska. Ki share masa."

Yaya ta ɗauki tsintsiya.